A Share Duka?

Shekara goma sha ɗaya nake buga wa mutane takardu
ƙarƙashin dogon yaro, daura da gidan waya,
da kwamfutar da yayana Mutari ya mutu ya bari.
Ta tsufa. In na kunna ta da hantsi
sai na ɗora shayi, ya tafasa, na sha na fari,
kafin ta buɗe ido ta gane ni.

Cima, ɗiyar ƙanwata da ke jami'a,
ta zo ran Asabar da wani ɗan ƙarfe
bai kai ɗan yatsa ba, ƙulle a bakin gyale.
Ta ce, Kawu, ba gidan ne ya gaji ba,
mai gidan da ke ciki ne.
Ga sabo na kawo, ba a biyan ko dala.
Na ce, kyauta a Damagaram,
inda ko ruwa sai da jarka da kuɗi?

Muka zauna a zaure bayan magariba,
duwatsun Birni na amayar da zafin rana.
Ta soka. Allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi,
sai tambayoyi, kamar ɗan duwan a Ɗan Barto.
Wane harshe? Na tsinci namu can cikin jeri,
kamar ka hangi ɗan unguwarku a tashar wata ƙasa.
Ina kake a duniya? Na laluba garinmu, babu.
Ya miƙo mini Yamai.
Na ce, to, ai ba yau aka fara ba.

Sannan ya yi tambayar:
A share duka?

Cima ta ce ta kwashe komai, ta nuna mini. Na gani.
Amma akwai abin da ba ya kwasuwa:
yadda Mutari ya baza kayansa a fuskar allo,
ɗan kukan da take yi in an tashe ta,
da jakar da ya sa wa suna "kar a taba",
shi da bai taɓa shan taba ba,
jakar da na buɗe bayan sadakar arba'in
na tarar ba komai ciki.
Yatsana ya tsaya a sama
kamar na mai yanka ɗan akuyar da ya rena.
Na yi bisimilla. Na danna.

Kashi sittin da bakwai, aka ɗauke wuta.
Batir kuwa tun bara ya riga mu gidan gaskiya.
Tsoho ya tafi, sabo bai iso ba,
na rushe ɗaki ban buga tubali ba.
Cima na dariya cikin duhu. Ni ban yi ba.
Ladan ya kira isha'i da muryar da Allah ya ba shi.
Sha ɗaya saura, ƙwai ya haska,
muka sake tun daga fari.

Litinin, kamar an yi mini shara ba na nan.
Abin dama ya koma hagu.
Injin bugu ya ƙi amsa sallamar baƙo,
wata dattijuwa mai wasiƙar Agadas
ta jira awa guda, ta yi tsaki, ta tsallaka wajen Lawali.

Sai da yamma Cima ta kama yatsana
ta ɗora kan maɓallai biyu a tare.
Ƙ.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta baki a gurbin baƙi,
kafa a gurbin ƙafa,
ina barin mai karatu ya yi canke,
ga ta nan, da ƴar ƙugiyarta a ka.

Da ta hau kabu-kabu ta tafi,
na buɗe sabuwar jaka, ban sa komai ciki ba.
Na rubuta mata suna a hankali,
kar a taɓa,
da ɓ ɗin da Mutari bai samu ba.